Yadda za a saurari faifan Coltrane: shawarwari daga wata hira a Gusau

Wasu matasan makaɗa sun zauna a Gusau kan faifan kiɗan jaz mai suna A Love Supreme, wanda John Coltrane, mai busa sakso (wani abin busa na ƙarfe) ɗan Amurka, ya ɗauka a Disambar 1964 tare da McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison a bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti) da Elvin Jones a ganguna.

Shawarar da aka fi nanatawa: a saurare shi gaba ɗaya a zama guda. Kashi huɗu ne, minti 33 kacal, ba abin tsallake-tsallake a waya ba. A sa abin kunne, don lasifikar waya na haɗiye bas, alhali sautuka huɗun da Garrison ke maimaitawa a kashin farko su ne ginshiƙin. Wani mai algaita ya ce a bi numfashin mai busar, inda yake ja da inda yake saki. Wannan ta fi kwanta min.

Batun masu sharhi kuwa, an ce kada a fara da su. A 1961 wani marubucin mujallar DownBeat ya kira kiɗan Coltrane kishiyar jaz. Wannan faifan kuma da ya fito a 1965 ya sha yabo. A karanta su bayan saurare na biyu.