Jirgin jigila mai tashi duk awa: wane tikiti zan ce ofis su saya mini?

Sabon Manaja: Assalamu alaikum. An ɗora mini kula da reshen ofishinmu da ke birnin da ke maƙwabtaka da mu, kuma duk mako akwai taron ƙarfe goma na safe da dole in halarta, in dawo a ranar. Tafiyar awa guda ce a sama, akwai kamfanin da jirginsa ke jigila kusan duk awa tun asuba har dare. Ba na ɗaukar kaya, daga laftof sai takardu. Sashen kuɗi sun ce in zaɓa kafin ƙarshen wata: tikiti mai araha da ba a sauya masa lokaci, ko mai tsada da ake sauyawa. Damuwata ita ce lokacin tashi daga taron ba shi da tabbas, wataran azahar, wataran sai bayan la'asar. Akwai jirgin ƙasa ma, amma awa uku yake ci. Wanne ya fi?

Tsohon Matafiyi: Wa alaikumus salam. Ka riƙa isa filin jirgi da wuri, kuma ka auna akwatinka tun daga gida don kada su caje ka kuɗin rarar kilo.

Mai Yankan Tikiti: Baba, ai ya ce ba ya ɗaukar akwati. Malam Manaja, yawan sawun jirgi ba zai amfane ka da komai ba sai in tikitinka ya ba ka damar hawa wanda ka tarar. Kafin ka zaɓa, buɗe sharuɗɗan tikitin ka karanta. Nawa ne tarar sauya lokaci? Bayan tarar, akwai cikon farashi? Nan mutane ke faɗawa rami, domin za a rubuta sauyi kyauta ne, amma in kujerar yamma ta fi taka tsada sai ka cika bambancin. Sannan ka duba ko suna barin mutum ya shiga jerin masu jiran kujera a sawun da ya riga nasa a rana guda, da kuma abin da ke faruwa in jirgi ya tashi ba ka. Shawarata kada ka yanki na zuwa da dawowa a haɗe. Na safe lokacinsa sananne ne, ka sayi mai araha. Na dawowa ka sayi mai sauyawa, daban.

Akawu: Ban yarda ba. Mai sauyawa yakan ninka mai araha, wani lokaci har ya wuce. Ka sayi mai araha a sawun ƙarfe shida na yamma kawai. Ranar da aka tashi da wuri ka zauna ka yi aikinka a filin jirgi, ranar da ka makara ka yanki sabo. A lissafin shekara kai ne da riba.

Mai Yankan Tikiti: Ninki a wane layi? Inda kamfanoni biyu ko uku ke gasa, tazarar ba ta kai haka ba. Kuma sabon tikitin da kake cewa ya yanka a ranar, shi ne mafi tsadar da ake sayarwa, domin kujeru masu araha su ake fara kwashewa, sawun yamma kuwa kowa shi yake nema.

Hajiya Mai Tsara Tafiye-tafiye: Ku bar batun farashi tukuna. Aikina ke nan, tsara wa ma'aikata tafiya, kuma abin da ke ƙona mini rai ba wanda ya taɓo shi. Ma'aikaci yana da tikitin zuwa da dawowa a haɗe. Cunkoso ya riƙe shi da safe, jirgi ya tashi, ya zaro kuɗinsa ya sayi sawu na gaba don kada taro ya wuce shi. Da yamma ya zo dawowa sai a ce masa babu sunansa, wai tunda bai hau na farko ba na'ura ta soke sauran tafiyar gaba ɗaya. Ga mutum tsaye gaban kanta, kujerun yamma sun cika, otal ba a tanada ba. Washegari kuma ofis ya ƙi biyansa tikiti na biyu saboda ba a amince da shi tun farko ba. Wallahi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai na biyu, wanda ya fi ciwo: suna tallan jirgi duk awa, amma ranar da abu ya cakuɗe, sawun jigila suke fara sokewa, su cusa mutanen ƙarfe huɗu cikin na biyar da na shida. Mai tikiti mai tsada da mai katin zinariya, wato katin da kamfani ke bai wa masu yawan hawa jirginsa, su ake fara bai wa kujera. Mai araha ya yi ta zaman jira har sawun ƙarshe, saƙon sokewar ma sai yana cikin mota zai shigo wayarsa.

Uwar Biyu: Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Diyya fa? Ko sisi ba sa bayarwa.

Ɗan Lauya: Ya danganta da dokar ƙasa. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta sa a biya Yuro 250 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, in an isa da jinkirin awa uku ko fiye, sai dai in dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Kowa ya nemi dokar hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarsa ya karanta, kuma ya adana katin shiga jirgi da saƙon sokewa, su ne hujja.

Injiniyan Jirage: Abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, ga dalilinsa. Jirgi ɗaya ne yake kai da kawo a layin wuni guda. Tsakanin saukarsa da sake tashinsa mintuna kaɗan aka ware, kusan 30 zuwa 45, a ciki za a sauke fasinja, a share, a zuba mai, a ɗauki wasu. In ya yi lattin minti 20 a sawu na biyu, babu inda zai rama, sai dai lattin ya yi ta taruwa har dare. Ga matuƙa kuma suna da iyakar awannin aiki da doka ta gindaya, in suka cika dole a nemo wasu. In hazo ko hadari ya sa masu kula da sararin sama suka rage yawan jiragen da za su sauka a awa, kamfani zai soke wanda ya fi sauƙin raba fasinjojinsa, wato na jigila. Don haka Manaja, taron goma ka hau sawun farko, wanda jirginsa ya kwana a filin. Kada ka yi lissafin na takwas zai kai ka tara. Ka bar sawu ɗaya a bayanka wanda in na farko ya samu matsala zai iya kai ka a kan lokaci.

Ɗan Barkwanci: Ni shawarata ka nemi a mayar da taron ta bidiyo, ka sa babbar riga a sama, gajeren wando a ƙasa, ba tara ba ciko 😂

Malamin Tarihi: Abin da ake kira jigila yanzu suna ne ya rage. Da kamfanin Eastern ya fara nasa a Amurka a 1961, tsakanin New York da Washington da Boston, ba a kama kujera tun gaba. Ka zo ka hau, a cikin jirgi ake karɓar kuɗi, in ya cika a fito da wani. A Barazil tun 1959 kamfanoni uku suka haɗa kai tsakanin Rio de Janeiro da São Paulo, tikitin ɗaya yana shiga jirgin kowanne. Kuma filayen biyu, Santos Dumont da Congonhas, a cikin gari suke, shi ya sa layin ya karɓu.

Akawu: Malam, tarihi ba zai biya masa tikiti ba. Kuma Manaja ka lura, mai ba ka shawarar ka sayi mai tsada sana'arsa ke nan, yana da kamasho.

Mai Yankan Tikiti: Haba Malam Akawu, wannan zargi ne. Da kamasho nake nema da cewa zan yi ya sayi mai tsada zuwa da dawowa. Kai takardar lissafi kake gani, mu muke ɗaga waya ƙarfe tara na dare in mutum ya maƙale.

Hajiya Mai Tsara Tafiye-tafiye: Kuma irin su Akawu ne suke ƙin sa hannu a biya ma'aikaci kuɗin da ya kashe.

Mai Son Dogo: Duk kun manta ya ambaci jirgin ƙasa. Ka yi lissafi daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar ɗakin taro. Mota zuwa filin jirgi, layin bincike, ƙofar shiga da ake rufewa minti 15 zuwa 20 kafin tashi, awa guda a sama, fitowa, sai wata motar zuwa cikin gari. Tara su ka gani ko ba su kai awa ukun nan ba. A jirgin ƙasa laftof ɗinka a buɗe yake tun daga tashi har sauka. Da aka buɗe layin dogo mai gudu tsakanin Madrid da Barcelona a 2008, tafiyar kusan awa biyu da rabi, ya janye fasinjoji masu yawa daga jirgin sama. Faransa ma a 2023 ta hana sawun sama daga filin Orly na birnin Paris zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon saboda jirgin ƙasa na kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi.

Sabon Manaja: Na gode ƙwarai. Jirgin ƙasan farko ba ya isa kafin goma, shi ya sa. Amma in na raba tikitin biyu kamar yadda aka ce, in suka soke na safe, za su mayar mini da kuɗin na yamma?

Mai Yankan Tikiti: A'a, tunda daban ka yanka. Shi ya sa na yamman ka tabbata wanda ake mayar da kuɗinsa ne, ba mai sauya lokaci kaɗai ba. Abu biyu ne mabambanta.

Uwar Biyu: Tunda laftof kake ɗauka, ka yi hattara da ƙwace jakar hannu a bakin ƙofa. Sawun safe kowa da jakarsa, ma'ajiyar sama ta cika kafin rabin mutane su shiga, sai su ce sauran a kai ƙasan jirgi. Ka nemi jakar da ke shiga ƙarƙashin kujerar gabanka. In dole sai sun karɓa, ka cire laftof da fawa bank, domin an hana sa batirin da ba ya jikin na'ura a cikin kayan ƙasa, kuma wanda ya wuce 100Wh (Wh ma'aunin ƙarfin batiri ne) sai da izinin kamfani.

Hajiya Mai Tsara Tafiye-tafiye: Wannan ma wani zaluncin ne. Su ne suka sa kuɗi a kan akwatin da ake aunawa har kowa ya koma jakar hannu, yanzu kuma sun dawo suna sayar da damar shiga jirgi da wuri don ka samu wurin ajiye ta. Wanda bai biya ba a karɓe tasa, ya sauka ya tsaya jiran kaya, minti ashirin ɗin da ya hau jirgi don ya tsira da su sun tafi.

Akawu: Kuma kuɗin shiga da wurin ba ya fitowa a rasit ɗin tikiti, rasit daban suke turowa. Wanda bai kawo shi ba kada ya zo ya ce mun ƙi biya.