Musayar waƙa: attajirin da ya rabar da dukiyarsa yana raye

Mai Alƙalami:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu baiti. Yau na zo mu tuna wani ɗan kasuwar Amurka, Chuck Feeney, wanda ya mutu a San Faransisko ranar 9 ga Oktoba 2023 yana da shekara 92. Shi da abokinsa Robert Miller suka kafa Duty Free Shoppers a 1960, shagunan nan na filayen jirgin sama da ake sayayya ba haraji. A 1984 ya miƙa kasonsa na kamfanin gaba ɗaya ga gidauniyarsa, Atlantic Philanthropies, a asirce. Kafin a rufe ta a 2020, ta raba kimanin dala biliyan 8. Mai amsawa ya riƙe amona ko ya kawo nasa.

Da sunan Allah na buɗe baitina,
Mai ba wanda ya so, Sarkin duniya.

Na ji labarin wani ɗan kasuwa,
Da ya tara, ya ƙi zama da dukiya.

Mujallu na jera shi cikin attajirai,
Alhali ya bayar tuni, ba hayaniya.

A gidan haya ya zauna har ƙarshensa,
Agogonsa mai araha, ba ya jin kunya.

Kujerar baya a jirgi ita ce tasa,
Da ita ya zaga ƙasashe yana tafiya.

Asibiti ya tashi, jami'a ta tashi,
Bai nemi a sa sunansa a bango ba ko ɗaya.

Ku taya ni tuna shi, 'yan'uwa mawaƙa,
Wa ke da amsa? Na bar muku hanya.

Uwar Baiti:

Wa alaikumus salam, Malam. Sai a 1997 duniya ta san shi ne, bayan an sayar da kamfanin kuma rigimar cinikin ta kusa fasa sirrin. Wannan ɓoyon shi ya tsaya mini a rai.

Malam, ka ce a tuna, to na amsa,
Ɓoyon kyautar ya fi ba ni sha'awa.
Shekara goma sha uku ana rabo,
Da yawa ba su san hannun da ke bayarwa.

Wanda ya sani an ce ya riƙe bakinsa,
Sharaɗin ke nan: kar a faɗa wa kowa.
Mu mun taso da jin hannun dama
Da hagu bai san abin da yake miƙawa.

Karatu ne da muka haddace tun yarinta,
Sai ga wani can nesa yana aikatawa.
Wani zai ba maraya riga guda ɗaya,
Ya kira mai hoto ya zo ɗaukawa.

Yaro ya sunkuyar da kai don kunya,
Mai kyauta na murmushi ana tafawa.
Wanda ka ciyar ka tona masa asiri,
Cikinsa ya ƙoshi, zuciya na ƙonewa.

Mai Tankaɗe:

Hajiya, a gafarce ni, ba zan iya wucewa ban ce komai ba. Hajar shagunan nan ta haɗa da giya da sigari, ba turare kaɗai ba. Kuma a tsibirin Bamuda aka yi wa gidauniyar rajista, inda haraji bai da nauyi.

Hajiya, da girmamawa nake magana,
Yabo in ya yi yawa yakan rufe idona.

Kafin mu yabi hannun da ke rabawa,
Mu tambayi inda kuɗin suka kwana.

Giya da sigari na cikin hajarsa,
Ya ci riba, wasu lafiyarsu suka ƙona.

Harajin da bai shiga baitulmali ba,
Da shi ma an gina makaranta ta zauna.

Ban ce bai yi alheri ba, ya yi,
Amma mai tunawa ya faɗi duka, shi ne ra'ayina.

Tsohon Ɗan Kasuwa:

Ɗana Mai Tankaɗe, ba ka yi laifi ba. Ni dai da idon sana'a na kalli abin. Mutumin nan ɗan ma'aikaciyar jinya ne, ya yi aikin sojan sama lokacin yaƙin Koriya, da tallafin karatu na tsofaffin sojoji ya shiga jami'ar Cornell. Daga baya ya ba jami'ar kusan dala biliyan 1. Jami'o'in Ailan sun samu, asibitocin Biyetnam sun samu, masu yaƙi da cutar ƙanjamau a Afirka ta Kudu sun samu. Lokacin da ya saki kasonsa shekararsa 53, kasuwa na kan ganiyarta.

Ɗana, ka faɗi gaskiya ban musa ba,
Hajar da ka ambata ban yaba ba,
Hisabinsa ba a hannuna aka sa ba,
Amma abu guda ban saba gani ba:
Ɗan kasuwa ya ba da uwar jari.

Mu mun san kyauta daga cikin riba,
Mu cire kaɗan, uwa ba ta girgiza ba,
Mu ce sai an ƙara, ba mu shirya ba,
Shi kuwa bai tsaya jiran gobe ba,
Ya miƙa duka yana da sauran ƙwari.

Son kuɗi ba ya tsufa a zuciya,
Kullum ƙari take nema ba gajiya,
Na san haka don na daɗe kan hanya,
Wanda ya ce mata ya isa, da gaskiya,
Ya ci yaƙi babba, ya cancanci kirari.

Ɗalibar Tarihi:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni rufe gidauniyar ne bai kwanta mini ba. Iyalan Tata a Indiya sun bi wata hanya: asusun amanarsu na riƙe da kusan kashi 66 cikin 100 na kamfanin Tata Sons, riba na shigowa kowace shekara ana aikin jama'a da ita. Wakafi ma ai a kan haka aka gina shi, a tsare uwa a ci 'ya'ya.

Baba, da izininka zan yi tambaya,
Don rufe asusun ya sa ni shakka.

Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma,
Ya bar wa mutanen Madina ita sadaka.

Ƙarni goma sha huɗu sun shuɗe,
Har yau ana ambato ana sa albarka.

Me ya hana shi barin abin da zai dawwama,
Jikan jika ya ci abin da ya shuka?

Maras lafiyar da za a haifa gobe,
Wa zai share masa hawaye in ya yi kuka?

Mai Jinya:

Malama, tambayarki mai nauyi ce, amma bari in amsa daga bakin gadon asibiti. Mun ji a hadisi cewa sadakar da ta fi lada ita ce wadda mutum ya yi yana da lafiya, yana son dukiyar, yana tsoron talauci, ba sai rai ya zo maƙogwaro ba. Bill Gates da Warren Buffett ma, da suka fito da alkawarin attajirai na bayar da mafi yawan dukiyarsu a 2010, sun ambaci Feeney a matsayin abin koyi.

Malama, ni mai jinya ne, na gani,
Ciwo in ya zo bai san jira.

Uwar da ke naƙuda a daren yau,
Ba ruwanta da ribar da baɗi za a tara.

Ɗalibin da aka kora don kuɗin karatu,
Shekararsa in ta wuce babu mai gyara.

Mai dukiya in yana raye da lafiya,
Da idonsa zai duba abin da ya tsara.

In ya ga kuskure ya koma ya daidaita,
In ya ga amfani ya sa hannu ya ƙara.

In ya mutu amana ta koma ga wasu,
Wani zai riƙe, wani da ci zai fara.

Likitan da kuɗinsa suka koyar a Biyetnam,
Yana nan yau yana duba yara.

Mai gudana ba rijiya kaɗai ba ce,
Har ilimin da wani ya ɗauka ya ɗora.

Ɗalibar Tarihi:

Yaya, ka ba ni rabin amsa na karɓa,
Likitan nan naka ya rage mini shakka.

Amma ginin asibiti na son gyara,
Na'ura ta lalace, wa zai ɗauka?

Ina nan kan bakata: a raba biyu,
Rabi ga na yau, rabi a shuka.

Mai Tankaɗe:

Baba, na ji batun uwar jari,
Ya shige ni, na rage zafina.

Sai dai mai son bin sawun mutumin,
Ya fara da ma'aikacinsa da rana.

Ya biya lada kafin gumi ya bushe,
Sannan ya fito da kyauta, in yaba da bakina.

Tsohon Ɗan Kasuwa:

'Ya'yana, kun sa ni tashi daga zaune. Ni ba mai biliyan ba ne, amma ina da abin da za a ƙirga.

Na kira akawuna ya zo da littafi,
Mu duba lada, ko akwai mai ƙorafi,
In akwai bashi mu sauke shi da ƙarfi,
Sannan in tara 'ya'ya mu buɗe shafi,
Mu yanke kaso daga cikin jari.

Rabi ga ɗalibai da masu jinya,
Su karɓa bana, ba sai baɗi ba, da niyya,
Rabi wakafi, kamar yadda kika ce, ɗiya,
Mai Jinya, ka aiko mini da hanya,
Wane ɗaki ne ya fi buƙata da sauri?