Gwajin mantuwa na intanet ya gagare mu da Baba

Assalamu alaikum, don Allah a taimaka min da shawara. Babanmu ya haura shekara 70, yanzu sai ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, shekaranjiya ma a firij muka tsinci carbinsa. Na sauke gwajin SAGE na Jami'ar Jihar Ohio, wanda ake cikewa da biro, amma da Turanci yake, Baba kuwa ajami ya iya, bai yi boko ba. Da muka zo zanen agogo sai ya ture takardar, wai mun mayar da shi yaro.

In na fassara masa da baki, za a iya dogara da sakamakon? Wani gwajin mantuwar kuma, MoCA-Basic, na masu ƙarancin karatu, dole sai ma'aikacin lafiya ne zai yi masa? Wane sashe za mu nufa a asibiti?