Zan raka Hajiyarmu Umara, kayan jakar hannunta sun hana ni barci

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Talata mai zuwa za mu tashi daga Kano zuwa Jidda, ni da mahaifiyata, za mu yada zango a Alkahira, kuma ban taɓa shiga jirgi ba. Asali ma ba ni ce zan raka ta ba, Yayanmu ne. Shi ya biya komai tun bayan Babbar Sallah, sai wurin aiki suka hana shi hutu, matarsa ga tsohon ciki, autarmu tana jarrabawa, babbar yayarmu kuma ba sa ga maciji da Yaya tun rabon gidan Baba, shi ya sa abin ya faɗo kaina. Ni ma sai da aka kai ruwa rana kafin maigida ya amince, don yaye nake yi. Hajiya tana da ciwon suga, allura take yi safe da dare. Jiya ta baje kayanta a kan gado ta ce waɗannan a hannunta za su zauna: allurarta, zuma rabin gora, man shanu a 'yar roba, ruwan tofin da malaminta ya yi mata, humra, almakashin rage gashi bayan sa'ayi, fawa bank da goronta. Na kira ejan ya ce ba matsala, ya kashe waya. Ga kuma wani ƙulli da gwaggon maigida ta kawo a kai wa 'yarta a Makka. Me zai wuce, me za a ƙwace?

Alhajin Kwari:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki ajiye maganar ejan, ki saurare ni, na sha bin hanyar nan. Duk abin da yake ruwa-ruwa, ko mai danƙo, ko na shafawa, ba ya shiga jakar hannu sai in mazubinsa bai wuce mililita 100 ba, kuma a haɗa su duka cikin leda ɗaya da ake ganin cikinta, mai cin lita 1. Girman mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Gorar rabin lita ko cokali biyu na zuma ne a gindinta, kwandon shara za ta. Saboda haka zuma, man shanu, humra da ruwan tofi duk su koma babban akwati, a naɗe murfinsu da salatif. Almakashi ma can. Ba tsangwama ba ce, tun 2006 aka kafa dokar, bayan da a watan Agusta 'yan sandan Ingila suka kama wasu da suka shirya tarwatsa jirage daga Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadarin da za su ɓoye a gorar lemo. Fawa bank kuwa akasin haka ne, a hannu yake tafiya, ba a sa shi cikin akwatin awo, don batirinsa kan kama wuta, kuma in ya kama a cikin mutane an fi saurin gani a kashe. Ki duba jikinsa inda aka rubuta ƙarfin batirin, in bai wuce 100Wh ba lafiya. Mai 20,000mAh kusan 74Wh ne. Goro ki manta da shi, Saudiyya ta hana shiga da shi.

Maman Hanif:
Na gode Alhaji, amma zumar nan ba ta marmari ba ce. In suganta ya faɗi sai ta fara rawar jiki da gumi, ita muke lasa mata. In hakan ta faru a sama fa, zumar tana ƙarƙashin jirgi?

Ummu Sadik:
Ai ni kada ma a tuna min. Kwalbar turare sabuwa dal, ko ledarta ban ɓare ba, na saya wa surukata, aka cire ta daga jakata a wani filin jirgi. Na roƙa, na ce a bar ni na koma na sa a akwati, aka ce akwati ya riga ya wuce. Har yau matar nan gani take ƙarya na yi, kuɗin ɗanta na cinye. Duk taron suna sai ta saki magana. Allah ya isa tsakanina da wanda ya fesa turaren nan.

Baban Walida:
Ni fa na ji an soke dokar ruwan nan. Ɗan'uwana da ke Ingila ya ce da gorarsa cike ya wuce. Allurar kuma ki jefa ta babban akwati ki huta, abu mai tsini ne, za su tsare ku da tambayoyi.

Alhajin Kwari:
Malam, wasu filaye ne a can da suka sa sababbin na'urorin duba kaya suka sassauta. Ita ta Kano za ta bi, a Alkahira kuma a sake bincike. Kada ka sa a zubar wa tsohuwa da kayanta.

Anti Nas:
Baban Walida, don Allah kada a sake ba mai ciwon suga wannan shawarar. Insulin, wato maganin allurar sugan, ba ya shiga akwatin awo. Sanyin ƙarƙashin jirgi na iya daskarar da shi, kuma in ya daskare ya lalace ko da ya narke. Akwati ma yakan yi kwanaki bai iso ba, musamman in an sauya jirgi. Maman Hanif, ki je wurin likitanta kafin Talata ya rubuta takarda da Turanci, da sunanta kamar yadda yake a fasfo, da sunan maganin, da cewa tana buƙatar allurai da na'urar gwajin suga. Ki bar maganin cikin kwalinsa na asali, ki fito da shi da kanki a wurin bincike tun kafin a tambaya. Magani ba ya cikin ƙa'idar mililita 100 in da shaida. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, ki samo 'yar jakar sanyi, amma kada ya jingina da ƙanƙara. Ki ɗebi fiye da na kwanakin tafiyar. Batun faɗuwar suga kuma, dabino da alawa da sukari mai ƙwaya duk suna wucewa, a cikin jirgi ma akwai lemo. Ki sa su a aljihunki.

Maman Hanif:
Anti Allah ya saka da alheri. Sai dai likitanta ranar Laraba kawai yake ganin mutane, mu kuma Talata za mu tashi. Katin asibitinta ba zai isa ba? Kuma ba ku san Hajiya ba ne, ba ta yarda da alawa, zuma ta sani. Ruwan tofin ma cewa ta yi shi za ta sha in jirgi zai ɗaga.

Alhajin Kwari:
Ki zuba zumar a ƙaramin mazubi mana, magana ta ƙare. Ni abin da ya fi tsaya min shi ne ƙullin nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Mene ne a ciki? Kin gani da idonki? Saudiyya kisa take yi a kan safarar ƙwaya. Kun manta ɗalibar nan da aka kama a Madina a Disambar 2018 saboda tramadol? Sai a 2019 aka sako ta, bayan gwamnati ta shiga maganar. Ni ko ɗan cikina ya ba ni saƙo a rufe ba na ɗauka.

Malama Ta Gwale:
Alhaji, ita yarinyar ba saƙo ta karɓa ba. Jakar da ba tata ba aka liƙa wa sunanta a filin jirgi, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama waɗanda suka yi. Abin da za ki ɗauka a nan, Maman Hanif, ki tsaya a kan kayanku har a gama awo, ki ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a manna muku, su zo daidai da yawan akwatunanku, kada ki ba kowa fasfo ya je ya yi muku. Ƙullin kuma ki kwance shi a gaban mai shi.

Maman Hanif:
Don Allah ku daina kawo maganar ƙwaya. Gwaggon nan ita ta riƙe maigidana tun yana shekara huɗu, mace ce mai carbi da azumin Litinin da Alhamis. Ta ce kuka ce da daddawa da yaji. An naɗe shi da salatif tam, in na ce ta kwance ai na ce ban yarda da ita ba, kuma aurena ne zai ji a jikinsa. Ku ba ku san gidan ba.

Alhajin Kwari:
Ita ta ɗaure da hannunta, ko kawo mata aka yi? Wannan ita ce tambayar. Ranar da aka tare ki, sunan da ke jikin akwati za a kira, ba na gwaggo ba. Maigidanki ya je ya kwance, shi ɗanta ne.

Baban Walida:
Goron dai mutane suna wucewa da shi, a daka a haɗa da garin kunu. Tsohuwar da ta saba, kwana ɗaya babu sai ciwon kai.

Alhajin Kwari:
Subhanallah. Hukumar alhazai ta sha yin gargaɗi cewa Saudiyya ta hana shiga da goro, kai kuma kana koya wa mai zuwa Ɗakin Allah ɓoye kaya? In aka gani a garin kunu wa zai tsaya mata, kai?

Ummu Sadik:
Ku dai ejan-ejan ɗin nan ne matsala. Namu ma haka ya yi mana, otal ɗin da ya nuna a hoto daban, wanda aka kai mu daban, tafiyar kusan awa zuwa Harami.

Maman Hanif:
Na yi wa maigida maganar, ya ce in ba zan kai ba na faɗa masa kawai, ya fita. Hajiya kuma ta ce in babu goro a mayar wa Yaya kuɗinsa. Har yanzu ba wanda ya ce min ko katin asibiti zai wadatar. Anti Nas kina kusa?

Maman Ikram:
Don Allah tunda ana maganar, zamzam lita 5 ɗin nan da ake dawowa da shi, yana cikin kilon mutum ko daban ake lissafa shi?