Abincin Filifin ga wanda ba ya cin alade: ina ake zuwa, me ake saye?

Bakatsine_a_Cebu:
Assalamu alaikum. Ɗalibai sababbin zuwa da masu shirin tafiya suna yawan tambaya a kan abin da za su ci a Filifin. Mu tara abin da muka sani a nan. Ga nawa. Gidajen abinci na talakawa ana kiransu carinderia ko turo-turo: tukwane ne a jere, ka nuna wadda kake so a zuba maka a kan shinkafa. Kalmomi biyar sun wadatar a farko: baboy alade, baka naman sa, manok kaza, isda kifi, kambing akuya. Ka tambaya "May baboy ba ito?", wato akwai alade a ciki? Matsalar ita ce mai abincin zai iya ce maka babu, kuma ba ƙarya yake ba, don shi yankan nama yake nufi. Romon da aka dafa taliyar pancit da shi, ko dunƙulen ɗanɗano mai ɗanɗanon alade, ko chicharon, wato soyayyiyar fatar alade da ake marmasawa a kan taliyar palabok da miyar waken munggo, duk ba ya lissafa su. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya_Mai_Girki:
Wa alaikumus salam. Ka yi daidai, ɗana. A ƙara da kaldereta, wata miyar nama mai kauri. Ko da ta akuya ce, ana kaurara miyarta da niƙaƙƙiyar hanta ta gwangwani, kuma sau da yawa hantar alade ce. Lumpiang shanghai, longganisa, tocino, sisig, dinuguan, lechon: waɗannan yawanci na alade ne, a bar su kada ma a tsaya tambaya, sai in an rubuta ƙarara cewa na kaza ne ko na kifi, kuma a gidan Musulmi.

Malam_Na_Quiapo:
Wanda ya sauka Manila, ya fara da unguwar Quiapo. Ka hau jirgin ƙasa na LRT layi na 1, ka sauka tashar Carriedo, ka taka zuwa titin Globo de Oro inda Masallacin Zinariya yake, wanda aka gina a 1976. Kewayensa gidajen abincin Maranao ne, Musulmin yankin tafkin Lanao a Mindanao. Abin da za ka nema: piaparan, kaza ce da aka dafa da madarar kwakwa da kurkum, aka mulmule ta da gurzajjiyar kwakwa, rendang na naman sa, da kuning, shinkafa rawaya mai kurkum. Duka sirrinsu palapa ne, haɗin wata albasa mai lawashi da suke kira sakurab, da citta da barkono. Wanda ya ce abincin Filifin ba yaji, bai ci na Maranao ba.

Sai pater ko pastil: shinkafa a naɗe cikin ganyen ayaba, an ɗora mata zare-zaren soyayyiyar kaza. Shi ne abinci mafi arha a wurin, ɗaya ba ya ƙosar da babba, sayi biyu da dafaffen ƙwai.

A kula da rana. Juma'a cunkoso biyu ne ke haɗuwa, masu sallah da masu zuwa cocin Quiapo, don su ma Juma'a ce ranarsu. Ranar 9 ga Janairu kuwa kada ka kusanci unguwar, ana bikin Kirista na Black Nazarene, tituna a rufe suke. In kana son tukwane cike da zafi, ka je kafin azahar. Da la'asar saura ne.

Ummu_Hanifa:
Malam, tambaya. Kaza da naman sa na sauran gidajen abinci fa? Rashin alade daban, yanka daban.

Malam_Na_Quiapo:
Gaskiyarki, ƙanwata. Mafi yawan mutanen ƙasar Kirista ne, kuma malamai sun yi bayani a kan yankan Ahlul Kitabi, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda yake son fita daga shakka, hanya biyu ce: gidan Musulmi ko wurin da ya lika shaidar halal, ko kuma ya tsaya a kifi. Kuma a ƙasar da tsibiranta suka haura 7,000, tsayawa a kifi ba horo ba ne. Gasasshen kifin bangus da aka cusa wa tumatir da albasa a ciki, ko daing na bangus, wanda aka jiƙa a khal (ruwan tsami, wato vinegar) da tafarnuwa aka soya, da shinkafar tafarnuwa da ƙwai da safe. Sai dai a duba wajen gashi: in waya ɗaya ake gasa kifi da tsiren alade, kitsen yana bin wayar. Ka ce a naɗe naka a ganyen ayaba ko takardar foyil.

Dan_Zangon_Kumasi:
Ni zan yi magana a kan farfesun bulalo, don shi ne abin da ke kai mutane Tagaytay. Garin yana kan tudu, kimanin kilomita 60 kudu da Manila, yana kallon tafkin Taal da dutsen mai aman wuta da ke tsakiyarsa. Bas daga tashar PITX da ke kudancin Manila wajen awa biyu ne a ranar aiki. Asabar da Lahadi ka ƙara lokaci, don rabin Manila can take tafiya shan iska. Saman kasuwar Mahogany akwai rumfunan bulalo a jere, ƙasa kuma mahauta ne.

Bulalo farfesun ƙashin ƙwaurin sa ne da ɓargonsa, da masara da kabeji da ganyen pechay. Kwano ɗaya yana isar mutum uku, kada kowa ya yi odar nasa. A sha da zafi, domin garin da sanyi, minti kaɗan kitsen zai daskare a saman romon ya manne maka a dasashi. Ana haɗa shi da soyayyen tawilis, ƙaramin kifin da ba a samu ko'ina sai tafkin Taal. Ana hana kama shi a Maris da Afrilu lokacin da yake ƙwai. Batun yanka yana nan a wannan ma, a sani.

Mai son yi a gida: ƙashi kilo biyu, a tafasa minti 10 a zubar da ruwan farko, a wanke, a sake ɗorawa da albasa biyu da masoro, wuta ƙasa-ƙasa awa uku zuwa huɗu. Tafasa mai ƙarfi ita ke zazzago ɓargon ta gurɓata romon. Masara minti 15 kafin a sauke, ganye minti biyu.

Hajiya_Mai_Girki:
Tunda an shigo kicin, ga adobo, wanda kowace uwa a can take da nata. Kaza kilo ɗaya, ruwan khal rabin kofi, soya sos sulusin kofi, tafarnuwa kai guda a daddake, ganyen bay uku, masoro ƙaramin cokali ba a niƙa ba, ruwa kofi ɗaya. Abin da ke ɓata shi uku ne. Na ɗaya, juya tukunya da zarar an zuba khal: a bar shi ya tafasa minti biyar a buɗe, kaifinsa ya fita. Na biyu, ƙara gishiri ko dunƙule, alhali soya sos ɗin gishiri ce zalla. Na uku, kazar Hausa. Ta gidan gona minti 35 ta nuna, tamu ta gida sai ta haura awa, ruwan ya ƙone gishiri ya yi yawa; a fara sulala ta da ruwa kawai, sannan a zuba haɗin. In ta nuna a tsame, a soya fatar ta yi ja, a mayar cikin miyar. Washegari ya fi daɗi.

Ga mara lafiya ko mai jego kuma tinola suke yi: kaza, ɗanyar citta mai yawa, ɗanyen gwanda, da zogale, wanda suke kira malunggay. Zogalen a zuba bayan an kashe wuta, a rufe minti biyu, in ba haka ba ya yi baƙi ya yi ɗaci.

Injiniya_Riyadh:
Ba sai an je Manila ba. A Batha ta Riyadh, da Satwa da Karama a Dubai, gidajen abincin 'yan Filifin sun yi yawa saboda ma'aikatansu, kuma a Saudiyya batun alade bai ma taso ba. Jollibee, sanannen gidan abincin 'yan Filifin mai rassa da yawa, a ƙasashen Larabawa ba ya sa alade, amma kada a ɗauka jerin abincinsa ɗaya ne da na rassan Filifin. Taliyarsu zaƙi gare ta, ba kowa ke so ba. Ni kazar na fi ba da shawara.

Wanda zai gwada kare-kare, miyar gyaɗa ce da jelar sa, amma salam ake yinta da gangan. Gishirinta yana cikin ɗan kwanon bagoong da ake ajiyewa a gefe, jatan lande ne da aka tsima da gishiri. Kan cokali kaɗan a kowace loma. Wanda ya juye shi duka cikin miyar ya ɓata ta. A Filifin a tambaya, don wasu da kitsen alade suke soya bagoong ɗin, kuma abin da ake kira crispy kare-kare yawanci naman alade ne.

Bakatsine_a_Cebu:
Hajiya, sinigang fa, romon nan nasu mai tsami? Na gida ba ya fitowa kamar nasu.

Hajiya_Mai_Girki:
Tsamiyar ce. Su ɗanya kore suke dafawa su tace, tamu busasshiya ce mai ɗan zaƙi, tana mayar da romon ruwan ƙasa. Ka jiƙa kamar giram 100 a ruwan zafi don lita ɗaya da rabi, ka tace sosai, sannan ka matse lemun tsami ɗaya bayan saukewa. Tumatir da albasa su fara shiga, sai yalo da kuɓewa a tsaye ba a yanka ba don kada romon ya yi yauƙi, alayyahu a ƙarshe a madadin ganyen kangkong da suke sawa. Jatan lande minti uku ya ishe shi, kifi takwas.

Malam_Na_Quiapo:
Wanda tafiya ta kai birnin Zamboanga a yammacin Mindanao ya tashi da wuri ya nemi satti, ƙananan tsire da curin shinkafa a cikin miya ja mai kauri, zaƙi da yaji. Karin kumallo ne, kafin hantsi ya ƙare. Da rana kuma tiyula itum ta ƙabilar Tausug, farfesun sa ko akuya baƙi ƙirin, saboda kwakwar da aka ƙona aka daka da citta da kurkum. Baƙi ake so. In ta ƙone har ta fara toka, romon ɗaci zai yi. Kafin sayen tikiti zuwa yammacin Mindanao a duba sanarwar tsaro ta lokacin, a kuma tambayi ɗalibanmu da ke Davao.