Yadda za a bi sawun kiɗan Mamman Sani: shawarar masu haɗa kiɗa a Maradi

Abin da aka fi nanatawa a zaman da masu haɗa kiɗa suka yi kan Mamman Sani, makaɗin ogan na lantarki ɗan Nijar, shi ne a bi shekarar da aka naɗi kiɗa, ba shekarar da ya fito kasuwa ba. A fara da kaset ɗin 1978, La Musique Électronique du Niger, wanda kamfanin faifai Sahel Sounds ya sake fitarwa a 2013. Ogan ɗin da ya kaɗa Orla ne ɗan Italiya, karin kuwa na gida. Daga nan sai Unreleased Tapes 1981-1984, a rufe da Taaritt. Taaritt ɗin ya riga shi fitowa, a 2014, amma naɗinsa na bayan 1984 ne, kuma a nan injin ganga da na'urorin haɗa sauti suka ƙara wa kiɗan kauri.

Kada a saurara ta lasifikar salula, ba ta fitar da bas, ga shi a nan hannun hagun makaɗin yake aikinsa. A sa abin kunne. Kwafin da ya sha yawo a WhatsApp ma an matse shi.

Wani dattijo ya ce wa matasa: "'Ya'yana, shuuu ɗin kaset tsufa ne, kada ku ɗauke shi salo." Ya ce a zaɓi waƙa ɗaya daga kowane kundi, a ƙirga bugunta cikin daƙiƙa 15, a ninka sau 4 a sami na minti ɗaya, a kwatanta.