Libarba mai ɗuri a zamanin kaboyi: nawa take ci wa mai ita?

Mai Karatun Dare:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ina yaro nake zama gefen kawuna muna kallon finafinan kaboyi, kowa da libarba a ƙugu, ana ta ɓarin wuta kamar harsashi kyauta ne. Shekaranjiya na ga bidiyon wani dattijo yana ɗura wa wata tsohuwar libarba, Colt Army ta 1860. Ramuka shida ne a gangar, kowanne sai ya auna albarushi ya zuba, ya ɗora ƙwallon dalma, ya danna shi da wani ƙarfe da ke ƙarƙashin hancin bindigar, ya shafe baki da kitse, sannan ya juyo baya ya kafa 'yar hular jan ƙarfe wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Mintuna ya kwashe, ga shi a zaune, ba doki ba iska.

Abin ya tsaya mini a rai. Na karanta cewa a farkon yaƙin basasar Amurka, 1861, kamfanin Colt na sayar wa gwamnati ita kan dala 25, alhali albashin ƙaramin soja dala 13 ne a wata. To, talakan da ya nausa yamma neman abinci, da me ya saya? Kuma kowane harbi nawa yake ci masa?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dala 25 ɗin nan ba ta daɗe ba. Da kamfanin Remington ya shigo da tasa kan wajen dala 12, dole Colt ya sauko zuwa ƙasa da 15. Amma abin da ya sa ta shiga hannun talaka shi ne ƙarewar yaƙin. A 1865 gwamnati ta yarda sojan da aka sallama ya tafi gida da makaminsa, a yanke kuɗin daga albashinsa, libarba dala 8. Colt Army kaɗai an ƙera sama da 200,000. Sai kwance ta cika kasuwa.

Kaboyi kuwa wajen dala 30 yake samu a wata. Sabuwa za ta cinye masa rabin wata ko fiye, shi ya sa da yawansu kwance suka riƙe, wasu ma ba su da ita sam. Sirdi ya fi damunsu, don da shi ake cin abinci.

Tsohon Maƙeri:

Ni ɓangaren ɗurin zan taɓa, don narka ƙarfe aikina ne. Ɗauki alƙalami, yaro. Laba ɗaya giram 454 ce. Ɗuri ɗaya na Colt Army mai baki .44 (ma'aunin faɗin bakin ke nan) yana cin albarushi kamar giram 2, ka ga laba ɗaya ta ba ka harbi sama da 200. Ƙwallon dalmarta kamar giram 9, wato 50 a laba. Ita Colt Navy ta 1851 mai baki .36 ta fi tattali, ƙwallonta giram 5 da ɗoriya, kusan 90 ke nan a laba.

Kuma ba lallai ya sayi ƙwallon ba. Akwai ɗan mazubi mai kama da awartaki. A garwashin da ya dafa abinci zai narka dalma a ludayin ƙarfe, ya tsiyaya, ya buɗe, ƙwallo ya faɗo yana ƙyalli, ya yanke ɗan wutsiyar. Dare ɗaya ya cika jaka. Wannan ni ya fi burge ni a bindigar nan, mai ita yana da hannu a cikin abincinta.

Inda take cin mutum shi ne kulawa. Baƙin albarushi yana barin dauɗa mai jan laima. Ka harba ka kwana biyu ba ka wanke ta da ruwan zafi ka shafa mai ba, tsatsa ta kama, kuɗin rabin wata ya lalace. Ruwan sama ya jiƙa ɗurin, sai ka fitar ka sake, asara ke nan ba ka harbi komai ba.

Mai Karatun Dare:

Allah ya saka da alheri, Baba. Ashe sayen ne nauyi, ciyarwar da sauƙi. To hular fa? Ita ma yana iya yi da kansa?

Tsohon Maƙeri:

A'a, nan gizo ke saƙar. Hular tana ɗauke da sinadarin da ke tashi in an doke shi, sai masana'anta. A gwangwani ake sayenta, kuma duk nisanka da layin dogo ko tashar jirgin ruwa, haka kuɗin dako ke hawa kanta. Kana da albarushi da dalma cike da jaka, in hula ta ƙare ƙarfe kawai ka rataya. Akwai kuma ɗuri na takarda, wato albarushi da dalma a naɗe cikin takarda, shida a ƙunshi, wanda soja suka fi amfani da shi. Ya fi sauri, amma ya fi ɗurin hannu tsada.

Malamin Tarihi:

Ƙari a kan maganar Baba: wannan lissafin ne ya sa ba a yar da ita nan take ba. Kamfanin Smith & Wesson ne suka riƙe haƙƙin ƙirar gangar da ake zura harsashin ƙarfe ta baya har 1869, Colt bai fito da Single Action Army, mai cin harsashin ƙarfe, ba sai 1873. Ko bayan nan, harsashin ƙarfe sai ka sami kantin da ke da daidai bakin bindigarka, dalma da albarushi kuwa kowane kantin hanya na da su. Masu ɗan hali suka riƙa kai tsofaffin a juya musu su karɓi sabon harsashi. Wild Bill Hickok, shahararren ɗan bindigar da aka kashe a garin Deadwood a 1876, da Navy biyu masu ɗuri aka san shi.

Mai Karatun Dare:

Na gode, Malam. Ranar Asabar zan je wurin kawu da takardar lissafin Baba, mu sake kallo muna ƙirga harbin tare.